Rigar Aljihu Dubu Huɗu

A bayan Alto Hospicio, inda ruwan sama ya manta hanya,
akwai tudun da ba iska ce ta tara shi ba.
Tudun tufafi ne.
Jirgin ruwa ya sauke su a Iquique,
kasuwa ta ɗanɗana ta tofar,
manyan motoci suka kwaso sauran cikin dare.

Eulalia Choque kan iso da jijjifi,
kafin rana ta fara gasa roba.
Baro ɗaya, almakashi, gorar shayi,
da jikanta Nahuel, mai ƙirgawa da ƙarfi
duk rigar da ya tsinta
takardar farashi na reto a wuyanta.
"Talatin da bakwai, kaka!"
Ba a taɓa yin gumi a cikinsu ba.
Daga leda sai juji, ba su san jikin mutum ba.

Ita ba riga take so ba. Aljihu take yanka.
Na wando, na kwat, na gaban ƙirji,
har da ɗan mitsitsin nan da ko tsaba ba ya ɗauka.
Wani lokaci ta tarar da tikitin jirgin ƙasa
da rubutun da ba ta iya karantawa,
sau ɗaya haƙorin yaro, a naɗe cikin auduga.
Wannan ta ajiye a gwangwanin sukari.

Kekenta na ƙafa ne,
bel ɗinsa tsohuwar taya ce da aka fere siririya.
Wata goma sha ɗaya tana taka shi
har gwiwa ta soma yi mata gori.
Aljihu kan aljihu, baki duk a buɗe,
kamar 'yan tsakin da uwa ta makara.

Maƙwabcinta Baldomero, da ya bar rabin huhunsa
a ramin tagulla,
ya kwance injin wankin da ya mutu,
ya ɗaura masa sarƙar keke da marfin tukunya.
Ka murɗa, ganga ta juya,
hannayen waya guda sittin su faɗa aljihu,
su lalube, su fito wayam,
ƙararrawar keke ta ce ƙirrin,
wai an yi ciniki.

Ran Asabar suka rataye ta gaban babban kanti.
Masu fitowa da ledoji a hannu biyu
suka tsaya, suka yi dariya, suka ɗauki hoto
da wayoyin da ba a gama biyan bashinsu ba.
Mai gadi ya zo kora,
ya murɗa sau ɗaya, ya sake murɗawa,
ya manta abin da ya kawo shi.

Sai ga wani daga Santiago, takalminsa ba ƙura.
Ya faɗi kuɗin da suka isa a cire mata yanar ido,
har a yi wa Nahuel ragowa.
Ta ce, "Wa zai riƙa murɗawa?"
Ya ce injin lantarki za a sa, a rufe da gilashi,
kada hannu ya taɓa.
Baldomero ya yi tari, ya ce a hankali,
"Sayar, Eulalia. Fushi ba ya sa ido ya gani."

Ba ta ce eh ba, ba ta ce a'a ba.
Ta karɓi katinsa, ta cusa a wani aljihu,
suka naɗe rigar, suka tura baro gida.

Yau kwana tara ke nan.
Ta rantse ba ta tuna wanne ba ne,
Baldomero ya ce ƙarya take.
Nahuel na bi ɗaya bayan ɗaya da ɗan yatsa,
ya kai dubu da ɗari shida.
Can bayan gari, fitilar mota ta haska tudu,
aka sake juye wani lodi.
Eulalia tana wasa almakashi a bakin dutse.